Maigidana Ya Yi Kuka Ranar Sallah a Gambiya, Butulci Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ina rubuto miki daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Sule Tankarkar. Maigidana malamin lissafi ne, wata 7 ke nan da aka tura shi Gambiya aikin sa-kai na koyarwa. Ranar Babbar Sallah ya kira mu muna tsakiyar suya. Ya ce maƙwabcinsa ya ɗinka masa kaya, ya tafi da shi Idi, ya aiko masa da cinya guda. Yana cikin ba da labari sai 'yarmu ta ce, "Baba, na ɓoye maka hanta." Sai muka ji shiru, can sai kuka. Inna, mahaifiyarsa, ta karɓi wayar ta yi masa faɗa, ta ce mutum nawa suka nema ba su samu ba, wannan butulci ne ga Allah da mutanen da suka karrama shi. Tun ranar in ya kira, daga "lafiya lau" sai sallama. Anti, butulci ne? Me zan ce masa? Daga Maman Ummi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Maman Ummi. Ba butulci ba ne, 'yata. Butulu shi ne wanda aka yi wa alheri ya binne. Ki duba abin da mijinki ya fara da shi: kafin hawaye su zo sai da ya lissafa muku kayan da aka ɗinka masa, da rakiyar Idi, da cinyar rago. Wanda ya raina alheri ba ya zama ya ƙirga wa iyalinsa shi ɗaya bayan ɗaya.

Wasiƙarki ta mayar da ni Sallar farko da na yi a ɗakin miji. Daga wajen Kazaure aka kai ni wani ƙauye kusa da Bichi, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba. Surukata, Allah Ya jiƙanta, ta ba ni turmin atamfa, ita da kanta ta ƙunsa min lalle. Washegarin Sallah aka sauke ragon da ya kwana a rataye, aka ɗora kasko, ƙaurin babbakar kai da ƙafa ya cika tsakar gida. Na ɗauki tsoka na dangwali yaji, sai na ji babu kimba a ciki. Yajin gidanmu ba ya rabuwa da kimba. Wallahi wannan kaɗai ya sa na zaga bayan rumbu na yi ta kuka. Nan ta same ni. Ba ta tambaye ni abin da aka yi min ba, ta dafa kafaɗata ta ce, "Ni ma nan na tsaya a tawa shekarar." Har yau ina yi wa matar nan addu'a, kuma har yau na san kukan nan na gaskiya ne. Ke ma na tabbata kina da irin wannan ranar.

Kuma waɗanda suka fi mu sun yi kewar gida. Bayan Hijira, a shekarar 622, zazzaɓin Madina ya kama Sayyidina Abubakar da Bilal, Allah Ya ƙara musu yarda. In zazzaɓin ya sassauta sai Bilal ya ɗaga murya yana begen Makka: ko zai sake kwana a kwarin da ciyawar izhir take, ko zai sake shan ruwan Majanna, ko zai sake ganin duwatsun Shama da Ɗafil. A lokacin mutanen Madina sun raba musu gidaje da dukiya. Da Nana A'isha ta kai wa Manzon Allah (SAW) labari bai ce Bilal ya butulce ba, addu'a ya yi: Allah Ya sa musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Buhari ne ya ruwaito. Wannan addu'ar ita ta kamaci mijinki, Allah Ya sa masa son inda yake.

Amma kada ki riƙi Inna a rai, kada kuma ki je mata da hadisi kamar mai gyara mata karatu. Ɗan da ya saba zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya zaɓo mata rago, bana wani ne ya je. Ina kyautata zaton da ba ta yi faɗan ba, ita ce za ta fashe a gaban jikoki. Tana kuma tsoron kada ya tattaro kayansa ya dawo. Ki sami lokacin da kuke ku biyu, kuna tsinke zogale ko ɓarar gyaɗa, ki ce, "Inna, wai ke Sallarki ta farko a gidan nan yaya kika yi ta?" Ki bar ta ta ba ki labari. Daga nan ki roƙe ta ta kira shi ta sa masa albarka kawai. Shirun da yake yi, kalmarta yake jira.

In ta shirin TAC ya tafi, wanda gwamnatin Najeriya ta kafa a 1987 don tura malamai da likitoci da sauran ƙwararru ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik, to shekara 2 ake yi. Ke nan akwai sauran Salloli a gabansa, gara a shirya musu tun yanzu. Ya yi sa'ar ƙasa. Gambiya mafi yawan mutanenta Musulmi ne, Babbar Sallah suna ce mata Tobaski, yara na bin gida-gida neman "salibo" kamar yadda namu suke yawon barka da Sallah. Manoman gyaɗa ne kamarmu, miyar gyaɗarsu ita ce domoda, dafa-dukarsu benacin. Har bishiyar kuka suna da ita. Sai dai wani lokaci kamannin ne ke tayar da mikin: ga kabbara iri ɗaya, ga rago, ga sabon ɗinki, amma in ya waiga babu fuskar da ta san shi tun yana yaro.

In ya kira, kada ki ce masa "ka yi haƙuri", ya ji ta har ya gaji. Ki ce, "Baban Ummi, mu ma mun yi kewarka, ni ma na yi nawa kukan a madafi." Sannan ki tambaye shi sunan maƙwabcin nan, 'ya'yansa nawa, yaya matarsa take. Ki nemi a haɗa ku ki yi mata godiya da bakinki, ko da gaisuwa ce kawai za ku iya fahimta. In an sami mai tafiya, ki haɗa daddawa da busasshiyar kuɓewa da yajinki, ki ware kaso guda ki ce na gidan maƙwabci ne. Shi kuma ya riƙa zama da su wajen shan ataya, wato shayinsu, kada ya kulle kansa a ɗaki. In kika lura makonni sun shuɗe ba ya barci, ba ya cin abinci, to ki matsa masa ya faɗa wa abokan aikinsa ya kuma ga likita.

Ki tuna agogonsu yana bayan namu da awa 1. Ku tsayar da lokaci guda, misali bayan kun idar da Isha'i, ki miƙa wa Ummi wayar ta karanta masa abin da aka biya mata a makarantar allo. Ki gaida Inna, ki shafa min kan Ummi.