An Kashe Maciji Ba a Sare Kansa Ba: Amsoshinku Kan Cire Antibairos Daga Kwamfuta

Saƙonnin da suka shigo a wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato manhajar kariyar nan da mutum ke tararwa a cikin kwamfuta tun daga kwali, wadda muke kira antibairos. Na tsamo guda huɗu waɗanda amsarsu za ta wadatar da sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi sabuwar laftof ta HP saboda karatu, ta zo da McAfee a ciki. Yau wata guda ke nan, kullum sai jan saƙo ya fito cewa kariyata ta ƙare, in biya kuɗi. In biya ne ko in cire? Tsorona kada bairos ya cinye min aikin da nake rubutawa na kammala makaranta. Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Cire ta, ka riƙe kuɗinka ka sayi data da shi.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin manhajar ne ke biyan masu ƙera kwamfuta, irin su HP da Dell da Lenovo da Asus, domin su ɗora maka ita ta gwaji, galibi na kwana 30, da fatan in wa'adin ya cika tsoro zai sa ka zaro kati. Ba ina cewa McAfee ko Norton ba sa aiki ba ne, suna yi. Abin da jan saƙon nan ba zai gaya maka ba shi ne, kwamfutarka tana da nata mai gadin na gida. Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, Microsoft ke saka cikakkiyar manhajar kariya mai suna Defender a jikin Windows, kuma tana nan a Windows 10 da 11, kyauta. Cibiyoyin da sana'arsu ke nan gwada irin waɗannan manhajoji, kamar AV-TEST ta Jamus da AV-Comparatives ta Ostiriya, sun daɗe suna sa ta a sahun masu abin kirki. Ga ɗalibin da aikinsa rubutu ne da bincike da kallon darasi, ta isa.

To me ya sa ba ka taɓa ganinta tana aiki ba? Saboda ba a sarki biyu a gari ɗaya. Da zarar Windows ta ga an ɗora wata manhajar kariya, sai Defender ta ja gefe ta ba ta wuri. A ƙa'ida, in wa'adin baƙuwar ya ƙare, Defender kan dawo bakin aiki da kanta. Amma na sha buɗe kwamfutar da aka bari a tsaka mai wuya: baƙuwar ta daina karɓar sabuntawa, ta gida kuma ba ta farka ba, mai kwamfutar yana ta soka filashin jama'a hankalinsa kwance. Wannan halin ya fi komai haɗari, kuma shi ya sa ba na son a bar manhajar da ta ƙare tana zaune.

Yadda za ka yi kuwa, ka fara kwafe aikin naka a filashi ko ka tura wa kanka ta imel. Ka tabbatar batirin a cike yake, don ba a son wuta ta ɗauke ana tsakiyar wannan aiki. Sai ka shiga Settings, ka danna Apps, ka nemo duk abin da ke ɗauke da sunan McAfee. Yawanci za ka ga LiveSafe, ka kuma ga WebAdvisor a gefe, zaman kanta take yi. Ka cire su ɗaya bayan ɗaya. Za ta yi ta roƙonka, ta nuna maka ragin farashi, ta tambaye ka ko ka tabbata. Ka tabbata. In ta gama, ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa.

Nan ne yawancin mutane ke tsayawa, alhali an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Antibairos ba irin manhajar kallon bidiyo ba ce da ke zaune a folda ɗaya. Domin ta iya tare bairos kafin ya motsa, sai ta kafa saiwa har cikin ƙashin bayan Windows: tana da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke aiki a ƙarƙashin Windows, da ke tashi tun kafin ka ga allon shiga, tana tsaye a kan hanyar da intanet ke bi, tana leƙa kowane fayil da aka buɗe. In kana son sanin zurfin wurin, tuna ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da sabuntawa ɗaya mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a duniya, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya cak. Abin da ya kafu haka, cirewar yau da kullum ba kasafai take tumɓuke shi duka ba.

Kamfanonin da kansu sun san da haka, shi ya sa kowannensu ya yi wata 'yar manhaja ta share sawunsa. Ta McAfee sunanta MCPR. Ta Norton ita ce Norton Remove and Reinstall, kuma a cikinta sai ka zaɓi Remove Only, in ba haka ba za ta cire ta sake mayar maka. Avast na da Avast Clear, Kaspersky na da kavremover. Ka sauke MCPR daga shafin McAfee na ainihi kaɗai, sabuwa fil, ba wadda wani ya ajiye a filashinsa tun bara ba. Za ta nuna maka wasu haruffa ta ce ka rubuta su, sannan ta kama aiki. Tana iya ɗaukar mintuna masu yawa, har ka zaci ta maƙale. Ka ƙyale ta. In ta ce a sake kunna kwamfuta, ka sake.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne mafi muhimmanci. Ka rubuta Windows Security a wurin bincike, ka buɗe, ka shiga Virus & threat protection. Ka ga koren alama da idonka, ka ga kariyar nan-take a kunne, sannan ka danna neman sabuntawa ka bar ta ta sauke. Sai ka ga haka ne aikin ya kammala.

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu. Yarona ya cire McAfee tun watan jiya, amma har yau saƙo na fitowa a kusurwar allo cewa an gano bairos biyar, in danna in sabunta. Ta ƙi fita ne? Daga wata Hajiya a Kaduna.

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki danna, kuma ki gargaɗi yaron. Ina kyautata zaton wannan saƙon ba daga McAfee yake ba kwata-kwata. Ki duba ƙasansa da kyau in ya sake fitowa. Idan kika ga sunan Chrome ko Edge tare da adireshin wani shafi mai haruffa barkatai, to 'yan damfara ne suka ari rigar kamfanin. Yadda suke shigowa kuwa, wata rana wani ya buɗe shafin sauke fim ko kallon ƙwallo, shafin ya ce a danna Allow kafin a ci gaba, aka danna. Da wannan dannawar aka ba su izinin turo saƙo duk lokacin da suka ga dama. Ko da kwamfutar ba ta taɓa ganin McAfee ba, haka za su riƙa turowa.

Maganinsa na cikin burauzar. A Chrome, a shiga Settings, sai Privacy and security, sai Site settings, sai Notifications. Za ki ga jerin shafukan da aka bai wa izini. Duk wanda ba ki sani ba a toshe shi. Tunda an shiga, a leƙa Extensions a cire WebAdvisor idan tana nan, a kuma duba injin bincike, domin takan mayar da shi nata wanda ke bi ta Yahoo.

In kuwa saƙon na gaske ne, to ragowar ce, kuma MCPR ɗin da na yi wa ɗalibinmu bayani za ta share ta. Wani lokacin ma manhajar kamfanin da ya ƙera kwamfutar ce ke tallata miki ita, sai a kashe sanarwarta.

Bayan an yi wannan, akan ga folda mai sunan McAfee ta rage a cikin Program Files, ko a Common Files, ko a ProgramData wadda Windows ke ɓoyewa. In an riga an yi amfani da manhajar sharewa an kuma sake kunna kwamfuta, goge su ba laifi, kango ne babu kowa a ciki. Abin da nake hanawa shi ne a fara da gogewar. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskuren a farkon shigata harkar, a kan kwamfutar wani maƙwabcina. Na ga foldar antibairos, na danne ta na goge abin da ya yarda ya gogu. Da muka sake kunnawa, alamar waya-fai na nuna an haɗu, amma ko shafi ɗaya ya ƙi buɗewa, domin direban da ke tace intanet yana nan a tsaye yana jiran manhajar da babu ita. Ga shi wurin cirewar ma ya daina aiki, tunda na goge fayil ɗin da zai yi cirewar. Sai da na sake ɗora manhajar daga farko, sannan na cire ta ta hanyar da ta dace. Har aka kira sallar isha'i muna kai.

Rajistar Windows kuma (Registry, ma'ajiyar saitunanta), wadda wasu ke cewa a shiga a farauto duk inda sunan ya rage, shawarata a bar ta. 'Yan layukan da suka saura a can ba sa cin wuri, ba sa rage gudu. Garin neman gira ake rasa ido.

Tambaya: Na sayi laftof ta hannu, irin wadda ake kira tokumbo. Akwai antibairos a ciki, in na zo cirewa sai ta nemi kalmar sirri. Mai shagon ya ce shi ma bai sani ba. Daga wani mai sana'ar ɗinki a Kano.

Amsa: Malam, wannan alama ce ta kwamfutar ta fito daga wani ofis ko makaranta a Turai ko Amurka, kuma ba a wanke ta ba kafin a sayar. Irin su Symantec Endpoint Protection da Trellix ba don mutum ɗaya aka yi su ba. Ma'aikata ce ke saya ta kulle da kalmar sirri don kada ma'aikaci ya taɓa, kuma MCPR ba ta cire irin waɗannan, ta kayan gida ce kawai.

Kada ka ɓata lokacin neman dabarar fasa ta. Kwamfutar da ba ka san hannun da ta bi ba, ba antibairos ɗin kaɗai ne abin damuwa ba. Ba ka san me kuma aka bari a ciki ba. A ɗora mata sabuwar Windows daga tushe, da filashi mai aƙalla gig 8 da manhajar Media Creation Tool ta Microsoft, a share faifan gaba ɗaya. Na fi son wannan a kan Reset this PC, zaɓin mayar da Windows sabuwa daga cikinta, domin Reset ɗin yakan dawo da tarkacen da kwamfutar ta zo da su daga kamfani. Ka mayar wa mai shagon ya yi maka, haƙƙinka ne, amma ka tsaya a kansa. Ka ce Windows kaɗai kake so, kada a haɗa maka da antibairos ɗin da aka fasa, wanda sau da yawa shi ne ma ƙofar ɓarawon. Idan bayan an ɗora sabuwar ta nuna sunan wata ma'aikata tana neman a shiga da asusunta, to har yanzu tana cikin rajistarsu. Ka karɓi kuɗinka ko a canza maka wata.

Ka kuma tambaya ko tana ɗaukar Windows 11, domin Microsoft ta daina tallafin yau da kullum ga Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025.

Tambaya: Na cire tawa tun bara, amma sai ga alat an zare min kuɗi da sunan sabuntawa. Sannan wani ya ce in haɗa Avast da Smadav a madadinta. Daga wata ma'aikaciyar jinya a Jos.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da wannan asara. Cire manhaja daga kwamfuta daban, soke rajista daban. Ranar da kika sa lambar katinki, kin amince da sabuntawa ta kai-tsaye, kuma wannan yarjejeniyar a asusunki na shafin kamfanin take, ba a cikin laftof ba. Ki shiga da imel ɗin da kika yi rajista da shi, ki kashe sabuntawar, ki cire katin, sannan ki nemi a dawo miki da kuɗin ba tare da jinkiri ba, domin akwai wa'adin da suke karɓar irin wannan buƙata. Tsohuwar matsala ce: tun a 2009 babban lauyan jihar New York ya sa Symantec, mai Norton a lokacin, da McAfee suka biya dala 375,000 kowannensu a kan yadda suke sabunta wa mutane rajista. Sai dai ki tabbatar alat ɗin daga bankinki yake. Akwai imel na bogi da ke yawo da sunan waɗannan kamfanoni, mai cewa an caje ki, ki kira wata lamba. Kada ki kira.

Batun haɗawa kuwa, manyan antibairos biyu a kwamfuta ɗaya faɗa suke yi a kan kowane fayil, fanka ta yi ta ƙugi, batir ya ƙare da wuri. Smadav, wadda ake yi a Indonesiya, masu ita ma sun ce mataimakiya ce, an fi saninta da kama bairos ɗin filashi mai mayar da fayiloli gajerun hanyoyi (shortcut), shi ya sa masu shagunan buga takardu ke son ta. Idan kina yawan karɓar filashin mutane, za ta iya zama tare da Defender. Avast kuwa in kin ɗora ta, Defender za ta sake ja gefe. Ki kuma san cewa a Fabrairun 2024 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta sanar da cewa Avast za ta biya dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da masu amfani da ita ke ziyarta, ta hannun wani reshenta mai suna Jumpshot. Ni dai a kwamfutar gidana Defender ce kaɗai, kuma duk filashin da ya shigo sai na danna shi da maɓallin dama (right-click) na sa ta bincike shi kafin in buɗe.