Ka karanta fiziks, kana son nazarin cikin ƙasa

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce digirinka na farko a fiziks ne, kana son fitowa digiri na biyu a jiyofiziks, wato nazarin cikin ƙasa da dabarun fiziks, amma kana fargabar a ce ba ka san dutse ba. Kwantar da hankalinka, irinku ake nema.

Ramin Kola da ke Rasha, wanda ya fi kowane haƙaƙƙen rami zurfi, mita 12,262 ne. Daga doron ƙasa zuwa cibiyarta kuwa kusan kilomita 6,371. Ko ɓawon ƙasa ba a huda ba. Abin da ke ciki, da awo da lissafi aka san shi. A 1936 Inge Lehmann, 'yar Denmak, ta lura girgizar ƙasa tana isa wasu tashoshin awo inda lissafi ya ce bai kamata ta isa ba, daga nan ta gane akwai wani curi daban a tsakiyar duniya. Haka taurarin ɗan'adam biyu na GRACE, na Amurka da Jamus, daga 2002 zuwa 2017 suka yi ta bin juna da tazarar kusan kilomita 220. Daga ɗan canjin tazarar nan aka auna ƙarfin janyowar ƙasa, har aka ga ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ja baya a arewa maso yammacin Indiya.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. A ɗakin gwaji kai ke shirya komai, ka maimaita sau goma. Ƙasa ba ta ba ka wannan dama. Kana tsaye a sama kana ƙiyasin abin da ke ƙasa, kuma awo ɗaya yana iya dacewa da amsa uku.

A shekarata ta farko a jiyofiziks mun kafa turakun ƙarfe a wani fili, muka tura lantarki, muka auna yadda ƙasar ke tare shi. Na ga wani sashe da wutar ke ratsawa cikin sauƙi, na buga ƙirji na ce ruwa ne. Wata abokiyar karatuna, mai ilimin duwatsu, ta leƙo allon kwamfutar ta ce, "Yumɓu ne." Aka duba bayanan wata tsohuwar rijiyar burtsatse a gefen filin, yumɓun ne kuwa. Lissafina daidai yake, na manta ne jiƙaƙƙen yumɓu ma yana ɗaukar lantarki. Ranar ban yi surutu a mota ba.

Don haka kafin ka taso, ka ƙware a Python, wato harshen rubuta manhajar kwamfuta, ka koma kan aljabarar matris da lissafin Fourier, ka iya faɗin girman kuskuren da ke cikin kowane awo. Wannan na ƙarshen shi malamai suka fi titsiye ɗalibi a kai. Ka kuma nemi masu zuwa aikin fili ka bi su, ko da riƙe waya za su ba ka. In ka tashi rubuta wa farfesa, ka faɗi takamaiman abin da kake son aunawa, kuma da wace na'ura.