Hukuncin tafiyar tara sadaka a ƙaramin jirgin ruwa

Tambaya: Allah gafarta Malam, ina zaune a Ingila. Ni da abokina za mu tuƙa jirgin ruwa mai tafiya da iska, tsawonsa mita 7, daga Portsmouth zuwa Falmouth a watan Mayu, kimanin mil 160 na teku. Mutane sun yi alkawarin fam ɗaya ko biyu a kan kowane mil, don a haƙa rijiyoyi a ƙauyenmu. Kuɗin kwana a tashoshi da na mai za mu cire daga abin da aka tara. Mun sa ranar isowa, har an shirya tarba. Kawuna ya ce hadisi ya hana shiga teku sai don hajji ko umara ko jihadi, kuma alkawarin kuɗin caca ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, Allah ya karɓi niyyarka. Alkawarin ba caca ba ne, sadaka ce da aka rataya ta da sharaɗi, tunda babu abin da za ka biya kowa idan ka kasa.

Maganar kawunka kuwa ba ƙirƙirarta ya yi ba, don haka ka amsa masa da ladabi. Hadisin yana cikin Sunan Abu Dawud daga Abdullahi ɗan Amr, sai dai bai inganta ba. A isnadinsa akwai Bishr Abu Abdullahi da Bashir ɗan Muslim, dukansu ba a san halinsu ba. Bukhari ya ce bai inganta ba, Khaɗɗabi ya ambaci cewa malamai sun raunana isnadinsa, Albani ma ya raunana shi. Ko da an rufe ido ga isnadi, ma'anarsa ta ci karo da abin da ya fi shi ƙarfi. A Suratun Nahli aya ta 14 Allah ya yi mana gori da hore mana teku don mu ci ɗanyen nama daga cikinta, mu nemi falalarsa, kuma ba a gori da haram. Jirgin da Halliru ya huda a Suratul Kahfi na miskinai ne masu aiki a teku. A Muwaɗɗa wani mutum ya ce wa Annabi (SAW) suna hawa teku da ɗan guzurin ruwa, ko su yi alwala da ruwanta? Ya ce ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta halal ne. Bai tambaye shi ko aikin hajji za shi ba. Masu hijira zuwa Habasha ma ta teku suka bi. Wasu kan kafa hujja da cewa Sayyadina Umar ya hana Mu'awiya fita da runduna ta teku. Wannan tsoron shugaba ne ga rayukan mutanen da ba su saba da ruwa ba, shi ya sa Sayyadina Usman ya ba da izini daga baya, da sharaɗin kada a tilasta wa kowa. Abin da aka yi ittifaƙi a kansa, kamar yadda aka ruwaito daga Ibn Abdil Barr, shi ne haramcin shiga teku lokacin da take hauka.

Abin da ya tsayar da ni a wasiƙarka kuwa ba ka ma tambaye shi ba: kuɗin tashoshi da na mai. Wanda ya ba ka fam ɗaya rijiya ya ba wa. Kai wakili ne, kuɗin amana ne a hannunka, kuma wakili ba ya kashe dukiya a inda ba a yi masa izini ba. Idan ka cire ba tare da sun sani ba, haram ne, kuma sai ka mayar. Mafita biyu ce. Ko ku ɗauki nauyin tafiyar daga aljihunku, wannan na fi so maka, tunda gaskiya akwai rabon nishaɗinku a cikinta. Ko ka rubuta ƙarara tun kafin kowa ya ba da ko sisi cewa fam kaza za su tafi ga hidimar hanya, waɗanda suka riga suka yi alkawari kuma ka koma ka faɗa musu. In ta shafin intanet kuke tara kuɗin, ka faɗa musu har da kason da shafin yake yanka. Milin ma ka fayyace: na teku mita 1,852 ne, ya fi na tudu tsawo, kuma wanda aka auna a taswira daban yake da wanda za ku ci a zahiri. Iskar wannan gaɓar ta fi zuwa daga kudu maso yamma, wato a fuskarku, dole ku riƙa karkacewa dama da hagu, tafiyar ta ƙaru sosai. Ka lissafa musu da na taswira. Wanda ya yi niyyar zakka ka ce masa rijiya ba ta cikin wuraren da ake kashe zakka a wurin jumhur, wato mafi yawan malamai.

Ranar tarbar nan ka soke ta, ko ka mai da ita mako guda buɗaɗɗe. Ita ce za ta iya mai da halal ɗinka haram, don wanda ake jira da abinci da kyamara yakan ga hadari ya ce zai wuce. A Portland Bill, wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku a kan hanyarku, ruwa yana gudu da ƙarfin da ya fi saurin jirginku, kuma idan iska ta saɓa wa gudun ruwan igiyoyi kan miƙe tsaye. Ana wucewa ne ko dai dab da gaɓa a ɗan lokacin da ruwan ya lafa, ko a ba shi mil biyar ta waje. Bayansa akwai mashigin Lyme, sama da mil 40 babu mafakar kirki, awa goma ko fiye ga jirgi irin naku. Duk ranar da hasashen Met Office, hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya, ya ambaci iska mai mataki 6 a ma'aunin ƙarfin iska, ku kwana a tasha. Rigar ceto a jiki take zama, an ɗaure igiyarta ta tsakanin ƙafafu, in ba haka ba takan haye kai idan an faɗa ruwa. Sanyin ruwan a Mayu bai cika wuce digiri 12 ba, wanda ya faɗa numfashinsa kan ƙwace masa a mintin farko. Ku riƙe rediyon oba-oba a layi na 16, layin neman agaji a teku, ku bar wa wani a tudu tsarin tafiyarku. Idan babu wanda ya taɓa bin wannan hanya a cikinku, ku ɗauki gwani.

Salla: kasaru ya halatta, tafiyar ta wuce buridi huɗu, wato nisan da ake yin kasaru a kansa, sai in kun yi niyyar zaman kwana huɗu a wata tasha. Jam'i a mazhabar Malik rangwame ne na tafiyar tudu, amma jumhur ba su bambanta ba, don haka ranar ƙetare Lyme kana iya haɗa azahar da la'asar. Alƙibla wajen digiri 115 take a kamfas. Ka tsaya in za ka iya, in kana tsoron faɗawa ka zauna da igiyar kariya a jikinka, ku yi ɗaya bayan ɗaya don kada a saki akalar jirgi.

Ba ka ambaci mahaifiyarka da iyalinka ba. In ba su sani ba ka sanar da su, ka rubuta wasiyya da basussukanka kafin ka tashi. In mahaifiya ta hana saboda tsoro, tafiyar nafila ce, ka nemi yardarta ko ka haƙura, alkawarin mutanen kuma ka roƙe su su cika shi haka nan. Wallahu a'alam.