Ina Zan Kai Shi? Tambayoyinku Kan Wuraren Gyaran Masu Shaye-shaye

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni sun yi yawa kan magana ɗaya, wato inda za a kai wanda shaye-shaye ya kama, shi ya sa na ɗauki guda uku na haɗa su waje ɗaya. Kamar kullum na cire sunaye da unguwanni.

TAMBAYA: Anti barka da aiki, Allah ya saka da alheri. Don Allah ki taimaka min wallahi kaina ya kulle. Ɗana ne na fari shekararsa 23, tun yana aji biyu a jami'a ya fara shan tiramol wai don ya iya karatun dare, yanzu ya haɗa da rochi da wiwi, makarantar ma sun sallame shi, rannan ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida yana ta karkarwa kumfa na fita a bakinsa mu duk mun ɗauka iska ce. Ya sayar min da keken ɗinki ya ɗauke wayar ƙanwarsa. Babansa ya ce a kai shi gidan wani malami a ƙauye inda ake ɗaure su ana ba su rubutu, ƙanena kuma ya turo min wani waje a Abuja da ya gani a Facebook mai kyau kamar otal sun ce miliyan ɗaya da rabi duk wata, maƙwabciyata ta ce Dawanau, ni kuma da na ji Dawanau gabana ya faɗi don yaron nan ba mahaukaci ba ne. Wanne ya fi? Filina na gado nake shirin sayarwa.
Wata uwa daga Kano

AMSA: Hajiya sannu, Allah ya yaye miki. Kar ki sayar da filin nan tukuna, ki bari mu gama magana.

Faɗuwar nan da ya yi ita ce ta fi tsaya min a rai. Tiramol idan ya yi yawa a jiki yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, wanda likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, wanda yaran nan ke saya a bayan layi kuwa har 225 yake kaiwa kuma ba ɗaya suke haɗiya ba. Sannan rochi da 'yan uwansa irin su baliyam, wato ƙwayoyin sa barci, wanda jikinsa ya saba da su ba a yanke masa rana ɗaya, a hankali likita ke rage masa, in aka yanke kwatsam zai iya shiga jijjigar da za ta yi ajalinsa. To kin ga duk inda za a garƙame shi a ɗaki a ce daga yau ka daina, babu likita babu nas, wannan wasa da rai ne ko da kuwa mai wajen mutumin kirki ne.

Wannan ya kawo mu kan shawarar Alhaji babansa. Na san abin da ya sa iyaye maza ke son gidan mari, sun gaji ne, suna son yaro ya ji a jikinsa. Amma ki tuna masa abin da aka gani a watan Satumbar 2019 lokacin da 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, manya da ƙananan yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Wata bai cika ba aka sake bankaɗo wani a Daura. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu har suna biyan kuɗin abinci. Ni ban hana addu'a ba, a yi sauka a yi sadaka a sha rubutu, duk ana iya yi yaro yana kwance a gadon asibiti, ba wanda zai hana ki shiga da ruwan addu'arki. Sarƙa ce dai ba ta cire ƙwaya daga ƙwaƙwalwa, ranar da aka kwance shi zai fito da sha'awar ƙwayar yadda ya shiga da ita, ga kuma haushinku da ya ƙaru a kai.

Sai Dawanau, wadda sunanta kawai ya tsorata ki. Hajiya likitan da ya karanci shaye-shaye shi ne dai likitan ƙwaƙwalwa, fanni ɗaya ne, don haka duk inda kika je neman ƙwararre can za a nuna miki. A Kano akwai asibitin Dawanau ɗin, akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano. A Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa wanda yake da ɓangare na musamman na masu shaye-shaye, akwai irinsa a Kware ta Sakkwato da kuma Maiduguri, ga asibitocin koyarwa na Zariya da Jos. Kuma zuwa ba ya nufin kwanciya. Kati za ku yanka ya ga likita, a yi masa gwajin fitsari a ga me da me ke jikinsa, a duba ko akwai wata cuta a ƙarƙashi kamar ciwon damuwa, don wiwi ma kanta tana birkita wasu, daga nan likita ne zai ce a kwantar ko ya riƙa zuwa daga gida. Mutane da yawa tsallake wannan matakin suke yi, su fara da neman ginin da za a ajiye yaro alhali ba a ma san me ke damunsa ba. Ba zan ɓoye miki aibin na gwamnati ba, akwai layi, wani lokaci a ce babu gado sai an jira, ga yajin aiki, ɗakunan ma ba za su burge ki ba. Amma akwai likita, kuma kuɗin bai kama ƙafar na 'yan kasuwa ba.

Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma ba kamu kawai take yi ba, tana da masu ba da shawara a ofisoshinta na jihohi da wuraren ajiye masu son dainawa, kuma tana da layin waya na kyauta dare da rana, 0800 1020 3040. Ki kira ki tambayi abin da ke kusa da ku, in sun ce a kawo shi ki tambaya ko akwai likitan da ke duba su, saboda maganar rochin nan.

Na Abuja kuma, ban san wajen ba don haka ba zan yabe shi ko in kushe shi ba. Masu zaman kansu akwai nagari sosai, akwai kuma otal mai kwaɗo a ƙofa. Hoto ba ya nuna bambancin, sai an taka. Shekarun baya na raka yayata duba wani waje saboda ɗanta, an shigar da mu ofis mai sanyin AC da kujerun fata aka kawo mana lemo, da na ce a nuna mana inda suke kwana sai aka ce ai ba a shiga, na ce to likitan fa, aka ce yana zuwa in an kira shi. Muna fita sai ga wani saurayi yana shara a harabar, wandonsa ya ɗage na hango idon sawunsa da wani baƙin zobe na tabo, yayata ma ta gani, ba wadda ta ce da wata komai muka shiga mota. Waje na biyu da muka je fentinsa duk ya koɗe, amma a bangon ɗakin an manna takarda da jadawalin yini, ƙarfe kaza magani, ƙarfe kaza zaman tattaunawa, ƙarfe kaza ƙwallo, Asabar ziyarar iyaye, nas ɗin da ke bakin aiki kuma ta san kowane yaro da sunansa. Can muka bar shi.

Don haka ko ke ko ƙanen naki wani ya je da ƙafarsa. A tambayi sunan likitan da kwana nawa yake zuwa a sati, da wanda ke kwana da su da dare, da asibitin da suke kai mutum in ya faɗi. A nemi ganin takardar rajistarsu da ma'aikatar lafiya. A shiga makwanci da banɗaki da kicin. A tambaya me suke yi wa wanda ya yi gardama ko ya yi yunƙurin gudu, ki saurari amsar nan da kyau don a nan ake gane su. Hana waya da ziyara na satin farko ko biyu ba abin damuwa ba ne, wurare da yawa suna yi, amma wanda ya ce ba za ki ga ɗanki ba sai bayan wata uku ki kama gabanki. Kuɗin ma a rubuta miki a takarda, da magani da gwaji da abinci a ciki ko kuwa daban ne, don nan ake yi wa mutane shigo-shigo ba zurfi.

Ki yi lissafin nan kuma. Masana sun ce jinyar da ba ta kai kwana 90 ba amfaninta kaɗan ne, ko a kwance ko ana zuwa daga gida, to miliyan ɗaya da rabi sau uku miliyan huɗu da rabi ke nan, kuma bayan an sallame shi zai riƙa komawa ganin likita wata da watanni, daga Kano zuwa Abuja wa zai riƙa kai shi? In ni ce, asibitin Malam ko Dawanau zan fara kai shi cikin satin nan. Kuma kar a yaudare shi a ce za a je gaida kawu sai ya tsinci kansa a bayan get, ki samu lokacin da yake cikin hayyacinsa, da safe ya fi, ki ce masa faɗuwar nan ta tsorata ki kina son likita ya duba shi. Na san ɗan fari ne akwai kunya tsakaninku, in bakinki ba zai iya ba ki sa wanda yake jin maganarsa.

TAMBAYA: Salam Anti. Matata ce tun da aka yi mata tiyatar haihuwa ta saba da allurar penta ta kashe zafin ciwo, yanzu da kanta take yi wa kanta cinyoyinta duk sun yi ƙuraje sun taurare, ga sirof tana sha in ƙawayenta sun zo. Ina sonta ga yara uku, bana son danginmu su ji. Akwai inda ake karɓar mata a asirce?
Wani magidanci daga Zariya

AMSA: Malam Allah ya saka maka da ba ka fara da takardar saki ba. Ba ita kaɗai ba ce, babban binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce, sai dai in ka leƙa wuraren jinya kusan duk maza ne, matan suna cikin ɗaki ana rufa-rufa har abu ya lalace. Gadajen mata sun yi ƙaranci gaskiya, don haka ka fara da ganin likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika ko ku tafi Barnawa tunda ba nisa, da yawa ana yi musu daga gida, kuma sirrin mara lafiya wajibi ne a kan likita. A duba ƙurajen nan da wuri, a yi mata gwajin ciwon hanta da na HIV saboda allura, in tana da ciki ko tana shayarwa a faɗa wa likita tun farko. In ta kama sai an kwantar, ka tabbatar ɓangaren mata daban yake da ƙofarsa kuma mata ne ke kwana da su, wannan ba abin sassauci ba ne. Shawarata ka samu mutum ɗaya a danginta, yayarta ko mahaifiyarta, ka sanar da ita, don kai kaɗai da yara uku da zuwa kasuwa ba za ka iya ba. Ƙawayen sirof ɗin nan kuma a rufe musu ƙofa.

TAMBAYA: Anti sau biyu muna kai yayanmu waje daban-daban, kowanne ya fito fes har ya yi ƙiba, wata biyu ya koma ruwa. Yanzu an ba mu labarin wani waje da suka ce suna da garanti in ya koma za su dawo da kuɗi. Mu gwada ko mu haƙura?
Ƙanwa daga Gusau

AMSA: Ƙanwata duk wanda ya ba ki garanti a kan wannan ciwon kasuwa yake ci, ba likitan da zai yi miki wannan alkawarin. Komawa ruwa abu ne sananne, tsakanin 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa jinya suna sake taɓawa, kusan kamar yadda mai hawan jini ke sakin magani jininsa ya sake hawa, ba a cewa asibiti ya ci kuɗin banza, komawa ake yi a gyara. Abin da ba ki faɗa min ba shi ne me ya tarar da ya dawo. In majalisar nan ce dai ta bakin layi, da layin wayarsa na da, da zaman banza daga safe har dare, to ko Ingila kuka kai shi haka za a yi. Kafin ku sake biyan ko sisi ku tambayi wajen me suke yi bayan sallama, akwai ranar dawowa ganin likita, akwai zama da iyali, suna koya sana'a ko kuwa ci da barci ne kawai. Ku kuma ku tanadar masa abin yi tun kafin ya fito, ko tsaron shagon wani kawu ne a wani garin.

Abu ɗaya da nake so duk gidanku su sani, wanda ya yi wata biyu ko uku bai sha ba jikinsa ya daina ɗaukar adadin da ya saba, in ya koma ya haɗiyi irin na da a tashi ɗaya zai iya sumewa numfashinsa ya tsaya, kuma a irin wannan lokacin ake yawan rasa su. In kuka ga yana wani irin minshari an tashe shi ya ƙi tashi, ko leɓensa ya canza kala, kar a tsaya ɗura masa madara ko manja, a kwantar da shi ta gefe a nemi mota sai asibiti, a tafi da kwalin abin da ya sha in an gani.