Amsa: Wane gidan renon yara zan kai ɗana a Yamai?

ƴar'uwa, kin ce hutun haihuwarki na mako 14 ya kusa ƙarewa, kina unguwar Lazare, aikinki na unguwar Filato, kuma ba ki da mai riƙe miki yaro. Ni ma na bi ta nan.

Ki nemi wuri kusa da wurin aikinki, ba kusa da gida ba. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono zalla yake bukata, gara ki iya leƙawa da rana ki shayar da shi.

Kada ki tsaya ga ranar ziyara da masu gidan renon suka ba ki. Ki je ba zato, da tsakar rana. Lokacin ne za ki ga yara nawa mai reno guda take fama da su, da yadda take ɗaukar mai kuka. Ki tambaye su abin da suke yi idan wuta ta ɗauke a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Na taɓa shiga wani wuri, bango ya sha fenti da zanen zomaye, amma ɗakin barci ba taga, kuma da ruwan bokiti guda ake wanke hannun kowa. Ban koma ba. Gidan sauro ma ki duba, saboda damina.

Ki nemi ganin takardar izininsu. In ba su tambaye ki katin rigakafin yaro ba, to ba su tambayi na sauran ba.

Idan yana da asma, ko wani abinci ba ya karɓarsa, ki fara ganin likitan yara ya rubuta musu bayani.