Wii ko Switch don yaran gida?

Yaya, ka tambaya wanne za ka saya wa yara su motsa jiki a falo, cikin na'urorin wasan bidiyo Wii ko Switch. Ni dai Wii nake da ita a gidana nan Ƙofar Ƙaura. Tsohuwa ce, tun 2006 ta fito, amma a faifan wasanninta na Wii Sports akwai tanis da golf da dambe, kuma damben ne ya haukata yarana, har mamarsu sai ta ajiye tuwo ta karɓi rimot. Damben na buƙatar Nunchuk, wato ƙaramin abin riƙo na ɗaya hannun da ake jonawa da rimot, ka tabbata mai shago ya haɗa maka.

Switch Sports ta 2022 ta fi kyan hoto, tana da ƙwallon ƙafa, sai dai tsada. Kowacce ka ɗauka, a ɗaura igiyar rimot a wuyan hannu. Autana ya taɓa wurga rimot ya fasa ƙwan fitila.