Na Koma Jami'a Da Girmana: Ta Yaya Zan Sami Malamin Da Zai Yi Mini Jagora?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 39, ina da 'ya'ya uku, kuma ina aiki. Bara na koma jami'a bayan na daɗe da barin makaranta. Yawancin 'yan ajinmu sa'annin ɗana na fari ne, wasu malaman ma na girme su. Ina jin ana cewa ɗalibi yana bukatar malamin da zai riƙa yi masa jagora, amma ni da an tashi daga lacca nake rugawa gida ko wurin aiki, ga kuma nauyin tunkarar malamai da nake ji. Shin jagoran nan dole ne? In dole ne, ta ina zan fara?

Daga wata uwa ɗaliba

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Da farko ki cire wa ranki cewa ke bare ce a jami'a. Wani rahoto da cibiyar ƙididdigar ilimi ta Amurka ta fitar a 2002 ya nuna cewa kashi 73 cikin ɗari na masu neman digirin farko a can suna da aƙalla siffa ɗaya ta irin taki, wato jinkirin shiga jami'a, ko haɗa karatu da cikakken aiki, ko ɗaukar nauyin iyali, da makamantansu.

Jagoran ba dole ba ne, amma amfaninsa ba kaɗan ba ne. A binciken da kamfanin jin ra'ayin jama'a na Gallup ya yi tare da Jami'ar Purdue ta Amurka a 2014, wanda ya shafi mutum kusan 30,000 da suka kammala jami'a, kashi 22 cikin ɗari ne kawai suka tabbatar da cewa sun sami wanda ya yi musu jagora ya ƙarfafa musu gwiwa, kuma irinsu sun fi sauran jin daɗin ayyukansu daga baya.

Sai dai jagoran da kike bukata ya bambanta da na matashin da ya fito sakandare jiya. Tun a 1985 masana biyu, John Bean da Barbara Metzner, suka bayyana cewa abin da ya fi sa babban mutum ya ajiye karatu shi ne matsin da ke wajen jami'a: kuɗi, sa'o'in aiki da hidimar gida. Rashin abokai a aji, wanda kan dami matasa, bai cika yin tasiri a kansa ba. Saboda haka malamin da zai amfane ki shi ne wanda zai zauna da ke ya duba yawan kwasa-kwasan da za ki iya ɗauka a zango guda, ya sanar da ke ƙa'idar jingine karatu tun kafin larura ta taso, ya kuma taimaka miki ki zaɓi batun binciken kammalawa daga cikin aikin da kike yi, domin shekarun da kika kwashe a wurin aiki jari ne da sauran 'yan ajinku ba su da shi.

Kada ki je ki ce wa malami kai tsaye ya zama jagoranki, domin roƙo ne mai nauyi, kuma yawancinsu ga tulin takardun gyara ga bincike. Ki zaɓi wanda kike fahimtar darasinsa, ki aika masa da gajeren saƙon imel, ki faɗi sunanki da kwas ɗin, ki nemi minti 15 a kan tambaya guda takamaimai. In ya ba ki shawara ki yi aiki da ita, sannan bayan 'yan makonni ki koma masa da sakamakon. A ganina wannan komawar ce take sa malami ya fara ɗaukar ɗalibi da muhimmanci, kuma ita ce ɗalibai suka fi sakaci da ita. Tun a haɗuwar farko ki faɗa masa lokutan da aiki da yara suke ba ki sarari, ba tare da kin mayar da zancen koke ba. In zuwa ofis ya gagara, ku yi ta waya ko ta intanet.

Batun girmar malami kuwa, ki ba shi girmansa na malami, shekarunku ba za su hana komai ba. Ki bar hulɗar a kan karatu, a ofis ko ta hanyoyin da jami'a ta tanada. In kin rubuta sau biyu shiru, ki nemi wani malamin, ko ki tambayi shugaban sashenku ko akwai wanda aka ɗora wa alhakin kula da ɗalibai masu aiki.